Araha Ba Ta Ado: Mai Zane da Na'ura a Kumasi

Wanda ya bi babban titin da ya ratsa Atonsu ya nufi tafkin Bosomtwe, idonsa ba zai huta ba. Dama da hagu alluna ne: ga na mai aski, ga na mai abinci, ga sanarwar jana'iza da hoton mamaci, ga kuma tutocin ikilisiyoyi masu kiran jama'a zuwa taron farkawa. A dā hannun mutum ne yake zana yawancinsu da fenti da buroshi. Yau injin bugawa ke fitar da su a kan leda. Tun daga 2022 kuwa, sa'ad da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka fito, hoton kansa ma ba lalle mutum ne ya zana shi ba. Sai ka rubuta abin da kake so a waya, kafin ka kurɓi ruwa hoto ya fito. Wannan ita ake kira ƙirƙirarriyar basira. Tambayar da ke damun samarinmu masu cin abinci da zane, waɗanda ba su da albashi sai aikin da aka kawo musu, ita ce, ko sana'ar nan tana da sauran rai?

Kafin mu amsa, bari mu dubi aikin da idon basira. Kwanan baya na tsaya gaban tutar wata ikilisiya wadda na'ura ta zana hotonta. Haske yana zubowa daga sama kamar zinariya, ga zaki, ga gaggafa, ga Yesu da fata sumul, ba ƙura a ƙafarsa, ba gumi a goshinsa. Da farko abin ya burge ni. Amma da na dubi taron da ke bayansa, ban ga ko mutum ɗaya da ya yi kama da wanda na taɓa gamuwa da shi a kasuwar Kejetia ba. Dalili kuwa a fili yake. Na'urar ta koyi zane ne daga miliyoyin hotunan da aka kwaso a intanet, sai ta ba ka tsaka-tsakinsu, watau abin da aka fi yawan gani. Ba ta san wanda zai tsaya gaban tutar ba. A 2024 Facebook ya cika da hotunan Yesu da aka yi wa jiki da jatan lande, dubban mutane suna rubuta "Amin" a ƙarƙashi. Abin kunya ne gare mu.

Yanzu sai mu haura Suame, inda Kwame Akoto ya kafa shagonsa mai suna Almighty God Art Works. An haife shi a Kumasi a 1950, ya yi shekaru yana koyon sana'a wurin masu zanen alluna da rubutun motoci, ya buɗe nasa shagon a 1972. Bayan ya ba da ransa ga Almasihu ya sāke wa shagon suna, ya mai da buroshinsa abin wa'azi. Da fentin mai yake aiki a kan katako. Yakan zana ido mai zubar da hawaye, ko dabba da taba a baki don ya tsawata wa mashaya, sa'an nan ya kewaye hoton da rubutun gargaɗi. Aikinsa ba ya rasa aibi. Wani lokaci rubutun yakan danne hoton, tsoron Shaiɗan kuma yakan fi alherin Allah fitowa fili. Duk da haka, in ka tsaya gaban allonsa ka san wani ne yake yi maka magana, mutumin da ya yi zunubi ya tuba, wanda kuma za ka iya zuwa ka yi masa gardama. Marigayi Atta Kwami, wanda ya daɗe yana koyar da zane a jami'ar KNUST, ya ɗauki masu zanen titin Kumasi da muhimmanci har ya rubuta littafi a kansu, Kumasi Realism, wanda ya fito a 2013.

Kada mu ruɗi kanmu, gama Gana ta taɓa ganin irin wannan guguwa. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo da janareta ƙauye ƙauye sukan sa a zana musu tallar fim a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. Mutane irin su Joe Mensah sun yi suna da wannan. Da bugun inji ya yi araha wajen 2000, kasuwar ta mutu. Waɗanda suka tsira, masu tara kayan zane na ƙasashen waje ne suka riƙe su, kamar Deadly Prey Gallery ta Shikago a Amurka, wadda take karɓo musu aiki. Darasin yana da ɗaci: zanen ya rayu, amma ya bar unguwar da ta haife shi.

To, ga hukuncina. Aikin gaggawa, irin su takardar gayyata da tallar kwana uku, ya riga ya kuɓuce, mai zanen da ya dogara gare shi kaɗai zai sha wuya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ba laifi ba ne saurayi ya koyi na'urar ya mai da ita yaron shagonsa. Amma akwai aikin da sai an san mutum da wurinsa: hoton tsohuwar da ta rasu ba ta bar kome ba sai ɗan hoton katin zaɓe, allon da zai yi magana da Hausa da Asantanci ba tare da kuskure ba, bangon makarantar Lahadi inda Basamariye mai kirki zai yi kama da maƙwabcinmu na Aboabo. A nan mai zane yana da abinci, muddin akwai mai biya.

Mai biyan kuwa, 'yan'uwa, sau da yawa mu ne. A Kumasi da wuya a sami masu ba da aikin zane da suka fi ikilisiyoyi da masu jana'iza. Littafin Fitowa sura 31 ya nuna mana Allah da kansa ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin hannu na alfarwa ta sujada. Wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta yi kashedi mai zafi ga masu hana ma'aikaci hakkinsa. Amma mu, sai mu ce wa ɗan ƙungiyar matasa ya zana mana "saboda Allah", mu sallame shi da addu'a, alhali mai janareta da mai kujeru an biya su lakadan. Tun kafin na'ura ta zo muka fara kashe sana'ar nan. Bari dattawan kowace ikilisiya, sa'ad da suke kasafin taron Kirsimeti ko na Ista, su rubuta ladan mai zane a layi ɗaya da kuɗin man janareta, su kuma biya shi ranar da ya kawo aiki.