Maus: Littafin Ɓerayen da Ya Gagari Kyamara

Duk wanda ke ganin littafin zane kayan yara ne, a miƙa masa Maus na Art Spiegelman, a bar shi da shi dare ɗaya. Wallahi kafin gari ya waye da bakinsa zai janye maganarsa!

Labarin mahaifin mai zanen ne, Vladek, Bayahude daga ƙasar Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz. Kashi na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, a 1992 kuma littafin ya samu lambar yabo ta Pulitzer. Yahudawa a cikinsa ɓeraye ne, Jamusawa kyanwoyi, 'yan Poland aladu. Ka ce tatsuniya, har sai ka ga aikin da dabarar ke yi. Lokacin da Vladek da matarsa Anja ke yawo a titunan Sosnowiec suna ɓad da kama, sai mai zanen ya ɗaura musu fuskar alade a kan tasu ta ɓera, ga igiyar ɗaurin nan a ƙeya. Ita Anja, wadda kamanninta suka fi saurin tona mata asiri, wutsiyarta ce ke jan ƙasa a bayanta. Marubucin zube sai ya cinye shafi guda yana bayanin wannan fargaba. Nan wutsiya ɗaya ta gama magana.

Amma inda littafin ya tafi da ni gaba ɗaya shi ne a kashi na biyu. Vladek ya tsufa a Amurka, yana cikin mota da ɗansa da surukarsa a yankin Catskills, za su kanti ya mayar da ragowar kayan abincin da ya riga ya buɗe (kai, maƙon tsohon nan sai shi, kuma ɗan nasa bai rufa masa asiri ba ko kaɗan). A hanya yana ba su labarin 'yan mata huɗu da aka rataye a Auschwitz. Ɗaga ido ka dubi saman zanen: ga ƙafafun 'yan matan suna reto daga bishiyoyin bakin titi, motar tana wucewa ta ƙarƙashinsu. Jiya da yau a gida ɗaya, ba wanda ya matsa wa wani!

A fim, daƙiƙa biyu hoton zai yi ya shuɗe, ga kiɗa yana tsara maka lokacin kuka. A takarda kuwa linzamin yana hannunka. Kana iya tsayawa kan ƙafafun nan, ka koma gidan zanen baya ka sake duban fuskar tsohon, sannan ka dawo. Haka ma shafin da hanyar da Vladek da Anja ke bi ta rarrabu ta zama tambarin 'yan Nazi: su da ke tafe ba su gani, kai da ke riƙe da shafin kake gani.

Masu fim sun sha zawarcin littafin, Spiegelman yana cewa a'a. Allah ya ƙara masa taurin kai!