Babi na Huɗu: Kwatanta Fuskokin Manhajojin Karatu a Hannun Makarancin Labaran Hausa a Kaya

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ƙagaggun labaran Hausa suka taso daga shagunan haya na zamanin adabin kasuwar Kano suka koma cikin na'ura. A wannan babi kuwa za a dubi abin da makaranci yake cin karo da shi a lokacin da ya buɗe littafi, wato fuskar manhaja. Abin da ake nufi da fuskar manhaja a nan shi ne duk abin da ido yake gani kuma yatsa yake taɓawa, kamar ƙirar haruffa da girmansu, da yadda ake juya shafi, da yadda ake komawa inda aka tsaya, da kuma wurin da littafin yake ajiye. Za a fara da na'urorin da aka ƙera domin karatu kawai, sannan a gangaro ga manhajojin wayar hannu. Wanda za a auna su da shi kuwa shi ne makarancin garin Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, da maƙwabtansa na Talata Mafara da Bakura, domin fuskar da ta dace da mai karatu a Landan ba lallai ne ta dace da shi ba.

4.1 Kindle da Kobo

Kamfanin Amazon na Amurka ya fito da Kindle a watan Nuwamba na 2007. Kobo kuwa daga Kanada ta fito a 2010, daga baya kamfanin Rakuten na Japan ya saye ta. Dukkansu suna amfani da gilashi mai kama da takarda, wanda ba ya cin wuta sai a lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya yakan kai makonni. Idan aka yi la'akari da yadda mutumin Kaya yake kai wayarsa shagon mai caji ya biya, wannan ba ƙaramin alfanu ba ne. Haka kuma babu saƙon da yake shigowa ya katse karatu, kuma duk lokacin da aka sake buɗe littafi, a shafin da aka tsaya yake buɗewa.

Sai dai fuskar Kindle fuskar kanti ce kafin ta zama ta karatu. Shafinta na farko yana tallar littattafan da kamfanin yake so a saya, kuma sayen yana buƙatar katin banki mai biyan kuɗin waje. A 2022 bankunan Nijeriya da dama sun dakatar da irin wannan biya da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Kobo ta fi sakin hannu, domin tana karɓar fayil samfurin EPUB kai tsaye idan an zuba mata shi daga kwamfuta, alhali Kindle sai a 2022 ta fara karɓarsa, shi ma sai an aika shi ta intanet an juya shi zuwa samfurin kamfanin.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗalibi. Kindle ta fara ne da lambar gurbi a maimakon lambar shafi, sai a 2011 aka ƙara lambar shafi ga wasu littattafai. Ɗalibin da malaminsa ya ce ya kawo shafin da ya ciro misali, ba shi da abin rubutawa idan lambar gurbi kaɗai yake gani. Ƙamusun da ake taɓa kalma ya fito da ma'anarta, wanda shi ne abin alfaharin na'urorin biyu, bai san Hausa ba. A kan littafin Hausa wannan dabara tamkar ƙofa ce da aka zana a bango.

4.2 Haruffa Masu Lanƙwasa

A nan ne babbar matsalar take, don haka za a ɗan tsawaita. Kafin a daidaita rubutun boko, wasu suna ɗiga ɗigo ne a ƙarƙashin harafi, wasu kuma suna sa alama a gefensa domin nuna sautukan ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta taimaka wajen sabar da idon jama'a da su. Dalilin wannan wahala a fili yake. Ƙura daban, kura daban. Baƙi ba baki ba ne, haka nan ƙafa da kafa. Marubuciyar da ta sa tauraruwarta ta ce wa kishiya “ƙarya ce”, idan lanƙwasar ta faɗi, jimlar ta koma zagin da ba ta yi niyya ba.

A tsarin Unicode, wanda shi ne ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, haruffan Hausa ba a rukuni ɗaya suke ba. Ƙaramin ƙ da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan Latin, amma ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin ilmin furuci. Saboda haka mai zana ƙirar haruffa yana iya ɗaukar wani rukuni ya bar wani. Idan manhaja ta nemi harafi ta rasa a ƙirar da aka zaɓa, ɗayan biyu take yi: ko ta aro shi daga wata ƙirar, sai a ga ɗ ya fi 'yan uwansa tsawo ko kauri a tsakiyar kalma, ko kuma ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa. Wannan ɗan akwati ne kamfanin Google ya nufi kawarwa da ya fito da jerin haruffansa na Noto.

Ta wannan fuska na'urorin biyu suna da mafita, domin suna ba makaranci damar zuba tasa ƙirar. Kobo ta daɗe da wannan dama, Kindle kuwa a 2018 ta buɗe ta. Ƙirar Charis da ta Andika na ƙungiyar SIL kyauta ake samunsu, kuma suna ɗauke da dukkan haruffan Hausa, har da ƴ da ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar a inda Nijeriya take rubuta 'y. Amma aikin yana buƙatar kwamfuta da kuma sanin cewa akwai shi, wanda ba a fuskar na'urar aka rubuta ba.

Har ila yau akwai batun yanke kalma a ƙarshen layi. Manhaja tana yanka ne bisa ƙa'idar harshen da aka shaida mata. Idan an shigar da littafin Hausa a matsayin na Ingilishi, tana iya raba Katsina ta bar t a sama ta kai s ƙasa, alhali ts sauti ɗaya ne, gaɓoɓin kalmar kuwa Ka da tsi da na ne. Neman kalma ma haka yake. Wanda ya nemi ƙasa a littafin da aka rubuta kasa ba zai samu ba, domin a wurin na'ura haruffa biyu ne da ba su da dangantaka.

4.3 Manhajojin Wayar Hannu

A zahiri na'urar karatun da take hannun jama'a a wannan yanki wayar Android ce, irin su Tecno da Itel da Infinix. Wattpad, wadda aka kafa a Toronto a 2006, ta jawo marubutan Hausa da yawa saboda ta dace da al'adar fitar da labari kashi-kashi, kamar yadda littattafan shekarun 1990 suke fitowa na ɗaya da na biyu da na uku. Tana tuna inda aka tsaya, tana kuma ba makaranci damar yin tsokaci a kan sakin layi guda. Wannan dabara tana da daɗi, amma tana da illa ga adabin kansa, domin marubucin da yake ganin ana kuka da wani tauraro yakan karkata labarin ya bi son masu tsokaci. Ga kuma talla tsakanin babi da babi, sannan an taƙaita wa mai karatu kyauta adadin littattafan da zai iya buɗewa ba tare da intanet ba.

Okadabooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ita ce ta fi kusa da bukatar marubucin gida, saboda da naira ake sayen littafi kuma marubuci yana samun kasonsa. Labaran Hausa sun samu kasuwa a cikinta. Sai dai ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023, kuma rufewar ta nuna raunin duk wani tsari da littafi yake zaune a cikin manhajar kamfani: ranar manhajar ita ce ranar kantar littattafan makaranci.

WhatsApp kuwa ba domin karatun littafi aka yi ta ba, kuma fuskarta ta nuna haka. Girman rubutu iri uku kawai take da shi. Dogon saƙo takan naɗe shi, sai an taɓa ya warware. Ba ta san shafi ba balle ta tuna inda aka tsaya, don haka mai karatu yakan sa wa saƙo tauraro ko ya riƙe wata kalma a ka domin ya nemo wurin gobe. A zauren marubuciya, babi na ashirin yana iya nutsewa a ƙarƙashin ɗaruruwan saƙonnin godiya da addu'a. Bugu da ƙari, a nan ne ƙa'idar rubutu ta fi shan wahala. Ana rubuta q a gurbin ƙ, da 6 a gurbin ɓ, da d' a gurbin ɗ, duk da cewa Gboard yana da madannan Hausa masu ɗauke da haruffan. Laifin a nan na mai bugawa ne, tun da wayar tana iya nuna su sarai, amma fuskar hira ce take koya wa hannu gaggawa. Duk da wannan, ita ce ta fi kowace karɓuwa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: tana cikin wayar tun asali, ba a buɗe sabon rajista, kuma saƙon da ya sauka ya zauna.

4.4 Gwajin Watan Satumba 2021

A ranar 1 ga Satumba 2021 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Jeka-ka-dawo ta Gwamnati da ke Kaya suka sace ɗalibai 73. Gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe makarantu, kuma bayan kwana biyu aka ba kamfanonin sadarwa umarnin katse layukan waya a faɗin jihar. An dawo wa Gusau da nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wato kusan wata uku ɗalibin Maradun ko Bakura ko Talata Mafara ba shi da intanet, kuma abin da yake da shi na karatu a waya shi ne abin da ya riga ya sauka.

Idan aka ɗora manhajojin a kan wannan ma'auni, jerin da aka saba yi yakan juye. Wattpad, mai kyan fuska, ba ta buɗe sai 'yan littattafan da aka riga aka ajiye. Babin da marubuciya take sakewa kullum a WhatsApp ya tsaya, amma na baya suna nan. Abin da bai girgiza ba shi ne littafin da yake zaune a matsayin fayil a ƙwaƙwalwar waya, domin ana iya tura shi daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ba tare da layi ba. Manhaja irin ReadEra, wadda ba ta neman rajista, tana tattaro irin waɗannan fayiloli ta jera su, ta tuna shafin kowanne. Ra'ayin wannan nazari shi ne ita ce fuskar da ta fi dacewa da makarancin Kaya, muddin fayil ɗin EPUB ne ko rubutu zalla. PDF ba ya sake jera layuka idan an ƙara girman rubutu, sai mai karatu ya yi ta jan shafi dama da hagu a ƙaramin gilashi.

Kindle ma da ta ci wannan gwaji ta fuskar caji da ajiya, amma littafin da aka saya a cikinta a ɗaure yake da asusun mai saye. A 2009 Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin waɗanda suka saye su, ya mayar musu da kuɗinsu, saboda wanda ya sa su a kasuwa ba shi da haƙƙin mallaka. A watan Fabrairu 2025 kuma kamfanin ya cire damar sauke littafin da aka saya a kwamfuta domin zuba shi ta igiya.

Sai dai fayil ɗin da ya tsira daga katsewar layi shi ne kuma wanda yake cutar da marubuci. Littafin da ake tura wa ƙawa ta Xender ba ya ɗauke da ko kwabo zuwa ga wadda ta rubuta shi, shi ya sa ake ganin gargaɗi da Allah-ya-isa a saman shafukan littattafan kuɗi na WhatsApp. Mai shagon haya na da aƙalla yakan sayi kwafi ɗaya ko biyu kafin ya fara bayarwa. A cikin fuskokin da aka duba a wannan babi, wadda ta riƙa biyan marubucin Hausa da naira ta rufe a 2023, wadda kuma take buɗe littafi ba tare da layi ba, ba ta da wurin biya ko kaɗan.