Gawa a Bakin Nilu: Labarin Binciken Kisa da Mai Karatun Sudan

Labarin binciken kisa yana tafiya ne a kan alkawari. Marubuci zai ajiye gawa tun da wuri, ya tara mutanen da kowannensu ke da dalilin aikata kisan, sannan ya baje alamomi a gaban mai karatu yana karkatar da idonsa wani wajen. Tsarin kacici-kacici ne: in ka gaza sai ka ba da gari a faɗa maka amsa, amma dole amsar ta zama wadda da ka natsu da ka gano ta. Shi ya sa wanda aka yi wa ba-zata ta gaskiya ba ya rufe littafi nan take. Baya yake komawa yana neman inda aka wuce da shi. In ya tarar alamar tana nan, sai ya sara wa marubuci. In babu, ya san an cuce shi, kuma yana da hujjar yin fushi. Don kare wannan haƙƙi ne S. S. Van Dine ya tsara ƙa'idoji 20 a 1928, Ronald Knox kuma ya kawo nasa guda 10 a 1929.

Agatha Christie ta fi kowa iya tafiya a bakin iyakar ƙa'idar ba tare da ta faɗa ba. A Death on the Nile na 1937, jirgin ruwa mai suna Karnak ya haura Nilu har Wadi Halfa a arewacin Sudan ya juyo, aka harbe attajira Linnet Doyle a ɗakinta, kuma waɗanda shaidu suka fi wankewa su ne masu hannu a ciki. Saƙar ta yi kyau, babu musu. Sai dai mutanen da ke zaune a bakin kogin ba su da wani matsayi a labarin in ban da ɗaukar kaya da roƙon kuɗi, kuma wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya duk da ƙwarewar marubuciyar.

Khartum ta san irin waɗannan littattafai tun da daɗewa. An daɗe ana cewa Alƙahira ke rubutawa, Beirut ta buga, Khartum ta karanta. Fassarar Larabci ta Christie ta zaga hannuwa, yara kuma sun tashi da ƙananan littattafan Mahmud Salim na Masar, inda wasu yara biyar ke warware abin da ya gagari 'yan sanda. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, ana baje tsofaffin littattafai a ƙasa a kasuwar Mafrush da ke tsakiyar birnin.

To amma akwai abin da salon Christie ke buƙata wanda ba a faɗa: hukumar da za a miƙa wa mai laifi. Poirot, mai binciken da ke littattafanta, yana gama bayani, akwai mai kamawa, akwai kotu, duniya ta koma daidai. Ka ɗauki mai karatu a Dar Salam da ke yammacin Omdurman, unguwar da ta cika da mutanen da fari da yaƙi suka koro daga garuruwansu. Shi sanin wanda ya yi kisa ba ya ba shi mamaki, domin sau da yawa unguwa ta sani tun ranar. Tambayarsa ita ce wa zai iya faɗin sunan, kuma a gaban wa. Bayan tarwatsa zaman dirshan masu zanga-zanga a Khartum ranar 3 ga Yuni 2019 an tsamo gawarwaki daga Nilu, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Nabil Adib, har sojoji suka yi juyin mulki a Oktoba 2021 jama'a ba su ga rahoton ƙarshe ba.

Jamal Mahjoub, wanda aka haifa a Landan a 1960 ya girma a Khartum, ya fahimci wannan. Da sunan Parker Bilal ya rubuta littattafai 6 a kan Makana, daga The Golden Scales na 2012 zuwa Dark Water na 2017. Makana sufeton 'yan sanda ne a Khartum, ya ƙi saki aikinsa ga sabbin masu mulki bayan juyin mulkin 1989, ya rasa matarsa da 'yarsa a hanyar gudu, ya ƙare a wani ruɓaɓɓen gidan jirgi a Alƙahira. A littafin farko, attajiri Saad Hanafi ya ɗauke shi ya nemo ɗan ƙwallonsa da ya ɓata, kuma kowace ƙofa ya buɗe sai ya iske mai kuɗi ko jami'in tsaro a bayanta. Wani lokaci Mahjoub yana tara zare fiye da yadda zai iya ƙullewa, ba shi da tsaftar lissafin Christie. Amma juyin labarinsa ya fi ciwo, domin Makana yana gano gaskiya ya rasa inda zai kai ta.

Tun kafin shi Ɗayyib Salih ya juya salon a Mausim al-Hijra ila al-Shamal na 1966, ko da yake ba a lissafa shi cikin labaran bincike. A littafin, Mustafa Sa'id da bakinsa ya ce shi ya kashe matarsa Jean Morris, an yi shari'a a Landan, ya yi shekara 7 a kurkuku. Kisan da aka rufe shi ne na ƙauye. An tilasta wa Husna, matar da Mustafa Sa'id ya bari a ƙauyen, auren tsoho Wad Rayyis, ta kashe shi ta kashe kanta, aka binne su cikin gaggawa, kowa ya ja bakinsa. Mai ba da labarin ya bi mutanen da ya sani tun yana yaro, ba wanda ya yarda ya yi magana, sai tsohuwa Bint Majzub bayan ya kai mata kwalbar giya. Ita ce ta faɗa masa abin da ya faru a daren kisan, kuma shi kansa mai tambayar ya ji gargaɗin Husna tun kafin ɗaurin auren, Mustafa Sa'id ya bar masa amanarta, ya tafi Khartum ya bar ta.