Fim ɗin da aka zaga ba a gama kallonsa ba

Tun da na fara gabatar da shirin sharhin fina-finai a rediyo nan Garwa, ban taɓa ganin fim ɗin da ya hana wayar shirin hutawa kamar wani fim na Koriya ta Kudu ba. Sunansa The Handmaiden, amma a nan an fi saninsa da sunan da Faransawa suka sa masa, Mademoiselle. Park Chan-wook ne ya shirya shi a 2016, daga littafin Fingersmith na marubuciyar Birtaniya Sarah Waters. Ba a sinima ya iso mana ba, daga waya zuwa waya ya zo, ta hannun masu tura fina-finai a kasuwa.

Labarin ya faru ne a shekarun 1930, lokacin da Japan ke mulkin mallakar Koriya. Wani ɗan damfara da ya laƙaba wa kansa sarauta da sunan Fujiwara ya ɗauko wata yarinya mai yankan aljihu, Sook-hee, ya kai ta aikatau gidan wata marainiya mai tarin gado, Hideko. Shirinsu shi ne yarinyar ta yi ta hure wa uwar ɗakinta kunne har ta aure shi, sannan su jefa ta gidan mahaukata su raba dukiya. Sai soyayya ta ƙullu tsakanin matan biyu, shiri ya wargaje. Kashi uku ne fim ɗin, kuma kashi na biyu yana rushe duk abin da mai kallo ya ɗauka ya fahimta a na farko.

Masu kiran waya sun rabu. Wani dattijo daga unguwar Yelwa ya ce, "Malam, ko sunan fim ɗin nan bai kamata ya fito daga bakinka ba." Na tambaye shi ko ya kalla. Ya ce Allah Ya kiyaye, ɗansa ya kama da shi. Wasu samari kuma suka ce ai babu komai, sun samu wanda aka yanke wuraren batsa. Wata malamar makaranta ce kaɗai ta faɗi abin da ya hana ni barci. Ta ce, "Yallaɓai, kowa na maganar maɗigo, amma ban ji wanda ya ambaci mutumin da ya ci amanar marainiya ba."

Kada a yi mini mummunar fahimta. Matsayin addininmu da al'adarmu a kan maɗigo sananne ne, dokar Kamaru ma ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar a kan tarayyar jinsi ɗaya, kuma a 2023 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa ta dakatar da tashar Canal+ Elles kan irin waɗannan shirye-shirye. Ni ba zan ce wa kowa ya nemi fim ɗin ba, balle ya kunna shi a tsakar gida. Amma aikin mai sharhi shi ne ya faɗi abin da ke cikin tukunya, ko da shi ba zai ci ba.

Mugun da ke cikin labarin shi ne Kouzuki, mijin innar Hideko kuma mai riƙonta. Ɗan Koriya ne da ya yi wa 'yan mulkin mallaka tafinta, ya samu mahaƙar zinariya, ya koma Bajapane har yana ƙyamar asalinsa. Tun Hideko tana ƙarama yake horar da ita da duka da tsoratarwa don ta riƙa karanta littattafan batsa a gaban manyan attajirai masu kwat da taye, su kuma su yi gwanjon littattafan. Innarta ta riga ta yin wannan aiki, ƙarshenta aka same ta rataye a bishiya. Burinsa kuma ya auri yarinyar ya haɗiye gadonta. Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Wa bai san gidan da mai riƙon maraya ya zame masa kura ba? Ko harshe ma fim ɗin ya yi wasa da shi: Japananci na masu iko ne, Koriyanci na 'yan aiki. Duk wanda ya taɓa yin Fulatanci ko Hausa a ofishin da Faransanci ke sarauta ya san wannan raɗaɗi.

Inda nake kama Park da laifi shi ne ya faɗa ramin da ya haƙa wa wasu. Fim ɗin yana tsine wa mazan da ke zaune suna lashe baki a kan jikin mace, amma da aka zo wuraren tsiraici sai kyamararsa ta daɗe fiye da buƙatar labari, ta mai da mai kallo ɗaya daga cikin attajiran nan. Wurin da ya fi ƙarfi a fim ɗin ba shi da tsiraici ko kaɗan: inda Sook-hee ta gano abin da ake sa Hideko karantawa, ta hau yayyaga littattafan tana watsa su cikin ruwa. Da ya tsaya a irin wannan, da lambar BAFTA da ya ci a 2018 ta fi yi masa kyau.

Samarin da ke yawo da yankakken fim ma ba su tsira ba. Wanda na gani an datse shi har labarin ya rasa kai da gindi, ba ka gane dalilin da ya sa ɓarauniya ta juya wa ubangidanta baya. Wasu kuma akasin haka suka yi, guntayen da aka yanke kaɗai suke turawa junansu. Su ne ainihin mutanen da fim ɗin ke nuna wa yatsa, ba su sani ba.

Abin da ya dame ni ba fim ɗin ba ne, mu ne. Mun yi mako uku muna jayayya a kan 'yan mintuna, alhali sa'a biyu da 'yan kai ana nuna mana cin dukiyar maraya, da zaluntar yarinya a gidan da ake gani da mutunci. Laifin da ke nesa da mu ya fi sauƙin tsinewa fiye da wanda ke zaune a zaurenmu. A makon da ya biyo baya na buɗe layi a kan gadon marayu. Wayar ta yi shiru na tsawon lokaci, sannan wata mata ta kira, ta roƙi kada in faɗi unguwarsu.