Taswirar da aka zana da ƙafa: nazari a kan aikin Tim Robinson

Galibi akan ɗauki taswira a matsayin aikin hukuma, abin da soja da mai awon ƙasa kan shata, malami ya rataya a bangon aji. Aikin Tim Robinson, wanda aka haifa a Ingila a 1935, ya rasu a Landan a 2020, ya ƙaryata wannan ɗauka, domin ya nuna taswira tana iya zama aikin adabi ba tare da ta yar da gaskiyar awo ba.

Robinson ya karanci lissafi a jami'ar Kambirij, ya yi sana'ar zane a Istambul da Biyana da Landan, kana a 1972 ya ƙaura da matarsa zuwa tsibiran Aran da ke yammacin ƙasar Ailan. Tsibirai ne uku na farar ƙasa mai tauri, inda manoma suka riƙa haɗa yashi da ciyawar teku su shimfiɗa bisa fako don su samu abin shuka. A 1975 ya fitar da taswirarsu, a 1977 ta yankin Burren, a 1990 kuwa ta Connemara, wadda santimita 1 a kanta ke daidai da kimanin mita 630 a ƙasa, haɗe da kundin sunayen wurare.

Muhimmancin waɗannan taswirori ba ya fitowa sai an waiwayi waɗanda suka gabace su. Tsakanin 1824 da 1846 hukumar awon ƙasa ta Birtaniya, wato Ordnance Survey, ta auna Ailan kakaf. Awonta ya yi kyau ƙwarai, har shi Robinson a kansa ya ɗora nasa aikin. Sai dai an rubuta sunayen wurare da ƙa'idar Ingilishi, ta yadda sunan da ke nufin dutse ko mashigi ko rijiya a harshen ƴan ƙasa ya koma sauti maras ma'ana. Robinson ya koyi harshen, ya bi gaɓar teku da ƙafa lungu-lungu, yana tambayar masunta da manoma da tsofaffi, ya maido wa kowane wuri sunansa da rubutunsa na asali. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Shi kuwa wannan baƙo ya yarda da makantarsa, ya nemi ɗan jagora, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ta fuskar zane, da hannu ya yi komi, da alƙalami da baƙar tawada, ba ado na launuka. Wannan tsuke hannu shi ne ƙarfin aikin, don ido ba ya shagala, yana bin layin gaɓa yadda ƙafa ta bi shi. Ilimin lissafinsa ma bai tafi a banza ba. Tun 1967 masani Mandelbrot ya bayyana cewa tsawon gaɓar teku ya danganta ga ma'aunin da aka auna ta da shi: gwargwadon ƙanƙantar ma'auni, gwargwadon ƙaruwar tsawo, saboda kowane lanƙwasa yana ɗauke da wasu ƙananan lanƙwasu. Robinson ya ɗauki wannan da gaske. A wurinsa taswira ba ta ƙarewa, ajiye ta ake yi. Shi ya sa ya sake bitar ta Aran a 1980 da 1996, ya kuma rubuta manyan littattafai biyu a kan tsibirin da ya zauna, uku a kan Connemara, don abin da takarda ɗaya ta kasa ɗauka.

Amma fa aikin bai rasa inda za a taɓa shi ba. Na farko, cunkoson sunaye da ƙananan alamu cikin baƙi da fari yana gajiyar da mai karatu. Taswira ce ta mai zama ya yi nazari fiye da ta matafiyi mai gaggawa. Na biyu, suna a bakin jama'a abu ne mai rai: ƙauye biyu kan kira dutse guda da suna biyu. Ranar da aka buga ɗaya a kan taswira, ɗayan ya kama hanyar mutuwa, kuma mutum guda ne ya yi zaɓin, komi adalcinsa. Na uku, bayanin kundin da Ingilishi yake, wato harshen da ya danne sunayen tun farko shi ne aka kira ya yi musu tafinta. Taswira tana adana suna, ba ta iya sa yaro ya furta shi.

Mai karatu a Nijar ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan ciwo. Dogon Dutsi da Gidan Rumji da Birnin Ƙonni sun shiga taswira da rubutun Faransanci, har ma'anarsu ta dushe ga wanda ke karanta su. Waɗannan ma manyan garuruwa ne, ba za su ɓata ba. Abin tsoro yana ga sunayen tabkuna da fadamu da burtali da tsofaffin rijiyoyi na bakin Gulbin Maraɗi ko kewayen tabkin Madarumfa, waɗanda mazauninsu kawai shi ne ƙwaƙwalwar dattawa.

Darasin Robinson ga malamai da ƙungiyoyin al'adu bai da tsada: takarda, alƙalami, takalmi da haƙurin saurare. Kuskurensa ma darasi ne. In aji guda ya fita da almajiransa, kowa ya tambayo kakansa, aka rubuta kowane suna da duk yadda ake faɗinsa, cikin harshen masu wurin, to an yi abin da mutum ɗaya ya kasa. Hoton tauraron ɗan adam yana nuna inda tabki yake, amma sunansa da dalilin sunan sai a bakin wanda ya shayar da dabbobinsa a can.