Yadda Ake Ƙera Fatalwa da Zaren Fatsa da Haƙuri

A shekarar 2006 wani mai tsara wasannin kwamfuta da ake kira Oren Peli, haifaffen Isra'ila mazaunin San Diego a Amurka, ya ɗauki fim a cikin gidansa cikin kwana 7, da kuɗin da bai wuce dala 15,000 ba. Bai taɓa shiga makarantar koyon fim ba. Fim ɗin, Paranormal Activity, labarin Micah ne da Katie, waɗanda wani abu ke damun su da dare, har Micah ya sayo kyamara ya kafa a ɗakin kwana don ya kama ko mene ne. Da kamfanin Paramount ya ƙara masa gyara ya fitar da shi a 2009, ya tara sama da dala miliyan 190 a duniya. Da yawa sukan ji wannan lissafi su ce sa'a ce. Wanda ya zura wa fim ɗin ido da kyau zai ga aikin hannu ne, kuma kowace faɗuwar gaba a cikinsa an auna ta kafin a aza.

Aikin yana farawa tun ba a kunna kyamara ba. Peli ya kwashe kusan shekara yana shirya gidan: ya sake fenti, ya sa kayan ɗaki, ya gyara matakalar bene. Mai ƙaramin jari ba shi da kuɗin gina dodo, don haka wurin da kansa zai zama abin tsoron. Irin wannan mai fim yakan zagaya gida da dare yana neman kusurwa ɗaya da ido zai ga abu biyu a lokaci guda, wurin da mutum ke samun natsuwa da kuma wurin da ba a san abin da ke cikinsa ba. A fim ɗin Peli gado yana gefen dama, ƙofa a buɗe tana gefen hagu, bayanta baranda mai duhu da bakin matakala. A ƙasan hoton agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi. Idon mai kallo zai yi ta kai-komo tsakanin masu barci da bakin ƙofar, yana laluben abin da ya canza. Daga nan mai kallo ne mai farautar fatalwar, ba wanda ke cikin fim ba.

Sai kafa kyamara. Ana ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku, a ɗaure kowane kusa tamau, a manna tef a daɓe inda kowace ƙafa ta tsaya. Ana kashe duk wani tsari da kyamara ke gyara haske ko tsabtar hoto da kanta, a saita komai da hannu. Dalilin yana da daɗin ji. Da farko ana ɗaukar ɗakin babu kowa, babu motsi, a ajiye wannan hoton. Sannan a sake ɗauka da mutum a tsugune a gefe yana jan igiya ko yana ɗaga bargo. A kwamfuta sai a ɗora hoton farko a kan na biyu, a rufe daidai inda mutumin yake da ɓangaren ɗakin da babu kowa. Mutumin ya ɓace, motsin da ya yi kuwa yana nan. Amma in kyamara ta gusa ko da faɗin gashi, ko fitila ta ɗan canza, ɗinkin zai fito fili, sai a koma farko. Shi ya sa a wurin irin wannan ɗauka kowa ke takawa a hankali, ba mai kusantar mazaunin.

Babban kayan aiki a nan zaren fatsa ne, siririn zaren roba na masunta. Ana ɗaura shi a ƙasan ƙyaure, a bi da shi ta gindin bango inda haske bai kai ba, har zuwa hannun wanda ke ɓoye a wani ɗaki. In fitila ta bugi zaren kai tsaye zai yi ƙyalli, saboda haka akan karkata fitilar ko a dusashe zaren da baƙin alƙalami. Jan ma da iliminsa. Fizga takan nuna akwai hannu. Gwani yana ja da ɗan yatsa, ƙyauren ya matso kamar taƙi guda, ya tsaya, ya yi jim, sannan ya koma. Iska ba ta tsayawa ta sake shawara, kuma zuciyar mai kallo ta san haka tun kafin hankalinsa ya gane. Tsayawar nan ita ke tayar da tsikar jiki.

Rabin fatalwa a kunne take. Kafin a tashi daga wurin ɗauka, mai sauti yakan ce kowa ya yi tsit, ya naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya ko biyu, domin kowane ɗaki da irin shirunsa: gunjin firji daga nesa, iska a taga, wayar lantarki. Ana shimfiɗa wannan a ƙarƙashin fim gaba ɗaya. Lokacin da aka janye shi farat ɗaya, mai kallo zai ji numfashinsa ya tsaya, bai san dalili ba. Takun ƙafa a matakala da ƙarar ƙyaure kuwa daga baya ake yin su, mutum yana kallon hoton yana taka katako a gaban makirufo, yana daidaita kowane taku da daƙiƙar agogo. Sai kuma wani ruri mai kauri da ke tasowa ƙasa-ƙasa duk lokacin da wani abu zai faru. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da girgizarsa ta gaza sau 20 a daƙiƙa, amma jiki kan amsa. A 1998 wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya ba da rahoton cewa firgici da inuwar da aka riƙa gani a wurin aikinsa sun daina bayan an gyara wata fanka mai fitar da girgiza kusan sau 19 a daƙiƙa. Masu haɗa sautin waɗannan finafinai sukan sauko kusa da wannan iyaka. Bayan dare biyu ko uku a cikin fim, mai kallo ya koyi darasi: da ya ji rurin, gabansa zai fara dukan uku-uku ko da komai bai motsa ba.

Su ma 'yan wasa da dabarar tafiyar da su. Peli bai ba su rubutacciyar magana ba, ya dai gaya musu abin da zai faru, su kuma suka faɗa da bakinsu. Daniel Myrick da Eduardo Sánchez sun fi haka nisa a The Blair Witch Project na 1999. Sun saki 'yan wasa uku a dajin Maryland na kwana 8 da kyamarori a hannunsu, suna ajiye wa kowa umarninsa a ɓoye, suna rage musu abinci, da dare kuma su zo su girgiza musu tanti. Daga hoton kusan awa 20 aka tace fim na minti 81.

A teburin tacewa ne ake sanin mai haƙuri. A daren farko na Paranormal Activity ba abin da ya faru sai ɗan motsi, da safe aka tarar da makullai a ƙasa. Bayan haka ƙofa ta motsa. Can gaba Katie ta tashi cikin barci ta tsaya a kan Micah, agogo na gudu, ita tana tsaye kusan awa biyu. Sai daren da aka barbaɗa hoda a daɓe sawu ya bayyana, sai wanda aka ja ta da ƙafa daga gado. An kai dare na 21 kafin a saki komai. Kowane mataki ya ɗara na baya da kaɗan, kamar mai ɗinkin hula da ke aza zare bisa zare har zane ya fito. Wannan ilimi tsoho ne. A Cat People na 1942, wanda Val Lewton ya shirya da ƙaramin kuɗi, wata mata na tafiya da dare ana bin ta, takun da ke bayanta ya ɗauke, shiru ya yi tsawo, sai wani huci ya fashe, ashe birkin bas ne. Tsawon shirun ne ya ba hucin ƙarfi.

Mai son banza ba ya jiran duk wannan. Zai shafa wa wani farar hoda a fuska, ya jefo shi gaban kyamara a minti na biyar, ya ƙure ƙara. Mai kallo zai zabura sau ɗaya, na biyu ya yi dariya, domin abin da ido ya gama gani ya daina ba da tsoro. Kayan aikinsu ɗaya da na gwani, kyamara ɗaya, zare ɗaya. Bambancin yana ga wanda ya yarda ya ja ƙyaure sau ashirin har ya samu ja guda da ya dace.

Waɗanda suka biyo baya sun riƙe wannan tarbiyya. Grave Encounters na 2011, labarin masu shirin talabijin na farautar fatalwa, an ɗauke shi a tsohon asibitin masu taɓin hankali na Riverview a Kanada, inda dogayen barandu da koren hasken kyamarar dare suka yi yawancin aikin. A 2020, lokacin kullen korona, Rob Savage ya ba da umarnin Host daga gidansa a Birtaniya ta manhajar Zoom. Kowace 'yar wasa ita ta kafa kyamararta, ta saita fitilarta, ta koyi haɗa dabarun motsa kaya a ɗakinta. Fim ɗin bai cika awa ɗaya ba, amma ya firgita masu kallo a ƙasashe da dama. Kayan aikin nan yanzu suna hannun duk mai waya da kwamfuta. Abin da zai nema da kansa shi ne sanin inda idon mutum ke zuwa a cikin duhu, da juriyar maimaita aiki ɗaya har ya zauna daidai.