Doka da Lamiri a Gaban Kwamfuta

A Bulpiela, kamar sauran unguwannin Tamale, mai gyaran kwamfuta yakan zuba wa mutum Windows da Word a kan 'yan sidi kaɗan, ba tare da lasisi ba. Wani lokaci ma da irin wannan manhaja ake buga tsarin sujadar ran Lahadi. Waɗansu masu bi suna cewa tun da doka ta hana, zunubi ne. Waɗansu kuwa suna cewa kamfanin ya yi arziki, ba wanda aka cuta. Duka hujjojin nan biyu gurguwa ne.

Gaskiya ne dokar haƙƙin mallaka ta Gana, mai lamba 690 ta shekarar 2005, ta kāre manhajar kwamfuta. Amma dokar nan ɗaya ta danƙa waƙoƙi da tatsuniyoyin gargajiya a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, har ɗan ƙasa ma sai ya nemi izini, ya biya kuɗi, kafin ya yi kasuwanci da su. Ashe jikan makaɗin Dagwamba zai iya zama mai laifi saboda ya sayar da kiɗan kakansa. Wane fasto ne zai kira wannan sata? Ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, sun ƙi umarnin Fir'auna, Allah kuwa ya sa musu albarka (Fitowa 1). Doka takan yi daidai, takan kuma kauce.

Duk da haka, kuskuren doka ba ya wanke mai kwafa. Manzo Bulus ya koyar da biyan ma'aikaci haƙƙinsa (1 Timoti 5:18), bai kuwa ware mawadaci ba. Wanda ya saba cin gumin kamfanin Amurka, gobe zai ci na mawaƙin bishara na ikkilisiyarsa, gama hali zanen dutse ne.

Uzurin talauci ma ya raunana. Tun shekarar 2011 ana samun LibreOffice kyauta, yana kuwa yin aikin rubutu da lissafi. Ƙungiyar SIL tana ba da haruffan Charis da Doulos kyauta, masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ.

Tambayar da ta wajaba ga mai bi ita ce, gumin wa ke cikin abin nan, ya kuma yarda a ɗauka? Ikkilisiyar da ke wa'azin doka ta takwas, ya kamata dattawanta su fara duba kwamfutar ofishinta.